Jan da Na Shafe a Tarago na Bakwai

Rumfata tana bakin hanya a Takur, inda nake rubuta allunan shaguna da lambobin adaidaita. Tun da aka fara maganar sabon layin dogo zai iso Dutse, samari suka mayar da bencina majalisa, saboda inuwa da wurin cajin waya na maƙwabcina. An ɗauki sunayen wasunsu za a tura su koyon aikin sigina ta zamani. Ba wanda ya taɓa shiga jirgi a cikinsu, amma kowa injiniya ne. Su nake rubuta wa wannan, tunda in na buɗe baki sai su ce, "To, Baba zai fara."

Babban mai bakinsu Kamilu ne, jikan yayata. Ranar nan ya miƙo mini waya, ya nuna mini wani jirgi da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa a wani gari mai nisa.

"Baba, dubi nan. Kowane tarago da ɗan abu a manne a jikinsa, na'ura ce ke karanta shi. Sigina kuma fitilu ne, mutum ɗaya ke zaune a ɗaki mai sanyi yana kallon allo. Ku fa, a zamaninku me kuke yi? Shafa fenti da ɗaga ƙyalle?"

"Har da shan rana," na ce.

Suka kwashe da dariya. Da ya ga ya samu kasuwa, sai ya juya kan Nasiru, wani saurayi ɗan Aujara da ke zaune wurin kawunsa a Yalwawa, wanda shi ma yana cikin waɗanda aka ɗauka.

"Kai dai in an sa ka a ɗakin nan, a haɗa maka da shayi mai ƙarfi. Gidanku gadon barci ake yi. Ba kakanka ne Haladu Barci ba, wanda ya yi gyangyaɗi a bakin aiki har geron garinku ya ƙone a jirgi?"

Nasiru ya zare wayarsa daga caji ya tafi. Sati biyu bai sake zama a bencin ba, daga baya na ji yana cewa zai janye sunansa. Ni kuwa ina riƙe da buroshi, ban ce uffan ba. Na ƙware a wannan. Sunan nan na Barci ni na rataya wa Malam Haladu, shekara talatin da 'yan kai ke nan, kuma mutumin bai yi barci ba.

Amma sai kun san aikin kafin ku gane laifin.

Firamare kawai na gama. Rubutuna yana da kyau, shi ya sa wani kawuna ya kai ni reluwe, aka haɗa ni da Baba Audu Fenta a wata tasha ta tsohon layi. Ba zan faɗi sunan tashar ba, ba ta yi mini komai ba. Na je da tunanin washegari zan fara rubutu. Wata shida ban riƙe buroshi ba sai in zan wanke shi a kananzir. Aikina kankare tsatsa da guntun ƙarfe, tun safe har yatsuna su ƙi rufuwa. Kayan aikin ba su da yawa: buroshi iri uku, alli, zare, farantan kwano da aka huda lambobi a jiki, sai wata sanda mai dunƙulen tsumma a kai da ake jingina hannu kada ya yi rawa. Ku da kuke kuka in caji ya ƙare, da kun ga yadda Baba Audu ke lallaɓa ƙaramin buroshinsa, da kun ce ɗansa ne na fari.

Lamba ta farko da ya bar ni na rubuta, a jikin wani taragon kaya ne. Na shafa wa zare alli, na ja shi na saki ya fitar da layi, na zauna na zuba gwaninta. Kowace lamba da ƙafa da jela, kamar katin biki. Ya zo ya duba. Ya ja ni taku arba'in, ya ce in ruga da gudu in wuce taragon ina karantawa. Na ruga. Ya ce me na gani. Na ce ban tantance ba ko biyar ce ko shida.

"Gadin jirgi ba ya tsayawa ya yaba rubutu," in ji shi. "A guje zai karanta, rana na dukan idonsa. Goge."

Na goge da kananzir a gaban leburori suna yi mini tafi. Sau huɗu na sake ta.

Abin da kuke kira shafa fenti, takardar shaidar tarago ce. A jikinsa ake rubuta lambarsa, da nauyinsa in ba kaya, da iyakar abin da zai ɗauka, da ranar da aka zuba masa mai. Wanda bai taɓa ganinka ba zai karanta ya yarda, ya ɗora dukiyarsa ko ya hau da iyalinsa. 'Yan kasuwa sun san haka fiye da kowa. Wani Alhaji mai hatsi ya taɓa biyo ni bayan tarago da zakara a hammata.

"Malam Sabo, wannan ukun da ke wurin nauyi, ba za ta iya zama takwas ba? Ai ɗan rufe mata baki ne kawai."

Na ce, "Za ta iya, Alhaji. Sai dai ƙarfen da ke ƙasa bai iya karatu ba."

Ya tafi da zakaransa. Na ba da wannan labari ne don ku san ni ma na taɓa ƙin yin ƙarya, kafin ku ji sauran.

Siginar kanta ni ke yi mata fenti. Dogon ƙarfe ne mai tsani, da hannu a sama. In hannun yana miƙe, direba ya tsaya. In ya sauka, ya wuce. Gabansa ja ne da farin layi, bayansa fari da baƙin layi, don direban da ya fito ta wancan gefen ya san ba da shi ake ba. Waya ce ta taho daga tasha take jan hannun, mutum kuma ke jan sandar da ke jan wayar, da ƙarfin ƙugunsa. Sandunan ma kowace da launinta: ja ta sigina, baƙa ta juya dogo. Da bazara wayar takan saki saboda zafi, sai hannun ya tsaya a tsakiya, bai miƙe ba bai sauka ba. Direbobi suna kiranta sigina mai jin kunya. Ranar da na fara hawa, da azahar ne. Tsanin ya gasa mini tafin hannu, gwangwanin fenti yana rataye a wuyana, ina can sama sai mai jan sanda ya manta da ni ya ja. Hannun ya sauka da buroshina, fentin ya sauka a kaina. Kwana uku ina yawo rabin fuskata ja. Da na kai ƙara, Baba Audu ya ce, "Ka gaya masa kana sama?" Ban gaya masa ba. Na ɗauka ya gan ni.

Malam Haladu shi ne mai duba tarago a tasharmu. Ya girme ni da shekara goma sha. Yana da guduma mai doguwar ƙota, yakan bi jirgi ƙafa bayan ƙafa yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da ƙara mai tsawo, tsagaggiya kuma sai ta yi kamar an bugi tulu mai huji. A bakin kowace ƙafa akwai akwatin ƙarfe da ake cusa wa tsumma jiƙe da mai. Yakan ɗora bayan hannunsa a kai, kamar uwa tana duba zazzaɓi. In akwatin ya ci ƙarfe, zai yi zafi a hanya har tsumman ya kama wuta, daga nan sai katakon tarago. Taragon da ya samu haka, sai ya zana masa jan da'ira da gicciye a ciki, a gefen ƙofa. Ma'anarta kada a ɗora masa ko buhu ɗaya sai an gyara. Malam Haladu ya sauke Alƙur'ani amma bai yi boko ba. Jan nan shi ne littafinsa, ba shi da wani.

Saboda haka fentoci suna da doka, ba a rubuce take ba. Kafin ka rufe tarago mai ja da sabon fenti, sai ka ɗaura jan tsumma a mariƙin ƙofarsa. In fenti ya bushe, ka mayar da da'irar, sannan ka kwance tsumman. Baba Audu ya taɓa kwaɗa mini sandar jingina hannu a wuya saboda na tsoma buroshi kafin in ɗaura. Na ce ai ina sane. Ya ce, "Kanka ba ya rataya a ƙofar tarago. Tsumma ke rataya."

Shekarar da muke kira shekarar fenti, Baba Audu ya riga ya yi ritaya, ni ne fenta. Jirgi ya ragu, kayan gyara sun daina zuwa. Wata da watanni ba a aiko mana da man akwati ba, taragu masu ja suka taru a layin gefe har bakwai. Sai aka ce wani babban baƙo zai biyo ya duba layi. Cikin kwana uku ga fenti durum-durum. Mai bai zo ba, fenti ya zo. Muka shafe tasha, muka shafe sigina, muka shafe duwatsun bakin hanya, har kututturen darbejiya sai da ya sha fari zuwa ƙugu. Ogan tasha ya tsaya yana kallon layin gefe, ya kira ni.

"Fenta, ba na son baƙo ya ga ja ko ɗaya."

Na ce to, na ɗauko tsummokarana.

"Wannan kuma na mene ne? Shanya za ka yi mana?"

Na yi masa bayani. Ya ce in bari sai baƙo ya wuce. Bai daki wuyana ba, bai ce zai kore ni ba. Magana ɗaya ya yi, na mayar da tsummokaran aljihu. Na ce a raina bakwai ne kawai, kaina ya isa. Na bakwan, wanda ya fi fuskantar dandamali, shi na fi ƙawatawa. Sau biyu na shafe shi, na sake masa lamba da hannu, ba da faranti ba. Ya fito kamar ango.

Baƙon ya zo. Jirginsa ya tsaya minti kaɗan, bai sauko ba. An ce yana cin abinci. Labule ma bai ɗaga ba.

A daidai lokacin an tura Malam Haladu tashar gaba, ya jira jirgin baƙon ya duba masa ƙafafu, zai yi kwana biyu. Kafin ya tafi ya bar sallahu: mutanen garinsu, manoma goma sha ɗaya daga Aujara, sun haɗa geronsu da wakensu za su kai kasuwar birni, shi ya ba su shawara su bi ta jirgi. A taimaka musu da tarago mai kyau.

Washegari na ɗauki jan fenti na je layin gefe. An yi ta jujjuya taragu da safe. Na bi na mayar da da'ira: ɗaya, biyu, har shida. Na tsaya ina dube-dube. Na ce ƙila shida ne tun asali. Rana ta yi zafi, na tafi cin abinci. Na bakwan yana can bakin rumfar kaya ana loda masa buhuna, don masu haɗa jirgi sun zaɓar wa mutanen Malam Haladu wanda ya fi sheƙi, saboda girmamawa. Na wuce shi da kwanona a hannu. Har na tsaya na yaba lambar.

Da la'asar labari ya iso. A daji, tsakanin tasha da tasha, akwatin ya kama wuta. Gadin jirgi ya ƙona hannuwansa biyu wajen raba taragon da sauran. Ba a rasa rai ba. Gero da wake kuwa, abincin gida goma sha ɗaya da abin da za su yi hidimar shekara da shi, sun zama toka.

Aka zo bincike. Mutum uku a bayan tebur, a ofishin da na shafe da hannuna. Malam Haladu ya ce ya sa wa taragon ja, ya faɗi ranar, ya faɗi ƙafar. Suka ce ina takarda. Ba takarda. Katakon da jan yake kai ya ƙone. Sai aka kira fenta. Oga yana zaune a gefe yana duba farcensa.

"Da ka zo shafa wannan tarago, ka ga jan alama a jikinsa?"

Na ce, "Ban gani ba."

Kalma uku, ba a ko matsa mini ba. Aka rubuta cewa mai duba tarago ya yi sakaci. Wani lebura ya ce ai yana ganinsa yana kishingiɗa bayan azahar, wanda gaskiya ne, kowa ma yana yi. Aka sallame shi ba fansho. Ya koma Aujara, cikin mutanen da ya ce wa su bi ta jirgi, sunan Barci ya riga shi isa. Ni kuma na ci gaba da aiki har layin ya mutu a hannunmu. An ma taɓa yaba mini a kan tsafta.

To, Kamilu, ga amsar tambayarka. Na ji an ce sabon tsarin yana ƙirga ƙafafun jirgi da kansa, yana jin zafin akwati tun daga nesa, yana juya dogo ba da ƙugun kowa ba. Madalla, da muna da shi da gadin nan bai rasa fatar hannunsa ba. Amma ɗan abin da ke manne a jikin tarago, wani ne zai zauna ya shigar masa da bayani. Ranar da babban baƙo zai zo, wani oga zai leƙo ɗakinku mai sanyi ya ce ba ya son ganin ja a allo. Ba zai yi tsawa ba. A ranar za ka san ko aikin da sauƙi.

Juma'ar da ta wuce na rufe rumfa, na nemi Nasiru a Yalwawa na ce ya raka ni garinsu. Na tafi da Kamilu ma, na ce ya zo ya ga gidan da ake gadon barci. Muka sami Malam Haladu a ƙofar gida a kan buzu, an sauko daga masallaci, dattawa biyar ko shida suna tare da shi. Idonsa ya yi rauni. Gudumar tana jingine a bango, ita ce sandarsa yanzu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Wa nake ji kamar Sabo Fenta?"

"Ni ne, Malam."

"Ikon Allah. Wani baƙon za a yi, ka zo shafe mu?"

Na matsa kusa, na rage murya, na ce na zo ne in gaya masa cewa jan nan yana nan a jikin taragon, ni na rufe shi, kuma na yi ƙarya a gaban masu bincike.

"Ni ka zo ba wa labari?" ya ce. "Ai ina wurin. Ni na zana shi. Ɗaga murya, waɗannan ne ba su sani ba, kuma kunnuwansu sun tsufa."

Na miƙe tsaye na faɗa da ƙarfi, tun daga tsumman da na mayar aljihu har zuwa kalma ukun. Masu wucewa suka tsaya. Wani tsoho ya ce in maimaita wurin "ban gani ba", bai ji sosai ba. Na maimaita. Wani daga baya ya ce, "Ashe ga Malam Ban-Gani-Ba." Aka yi dariya, kuma na san sunan ya zauna, don na ga yadda irinsa ke zama. Kamilu yana tsaye yana kallon takalminsa, wayar tana aljihu.

Malam Haladu ya juya wajen jikansa. "Kai kuma an ce za ka janye sunanka. Saboda wa? Je ka koyi abinka. In sun ba ka ɗakin sanyin, ka riƙa fitowa kana taɓa ƙarfe da hannunka."

Sannan na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya daɗe yana murza ƙotar gudumar.

"Nawa na yafe, tun ba yau ba, don in samu in yi barcin da aka ce ina yi. Amma geron ba nawa ba ne. Mutum goma sha ɗaya ne. Tara suna maƙabarta, waɗannan sai ka jira ku haɗu. Biyu suna nan."

Ya dafa bango ya miƙe, ya ƙi hannun da Nasiru ya miƙa masa. Ya kama lungu yana dogara gudumar, tana ƙwanƙwasa ƙasa, ni ina biye.

"Ɗaga ƙafa, Fenta," ya ce, bai waiwayo ba. "Na farkon yana kwance tun damina. Shekara talatin ka yi a hanya, kada ka ƙara makara."